Abin da Shaho Bai Gani Ba

Yayana ya shiga harkar fim ne ba tare da kowa ya gayyace shi ba. Yana da shekara ashirin da ɗaya, yana gyaran wutar lantarki a gidajen mutane, sai aka kira shi wani gida da 'yan fim suka ara, wai fitilunsu sun ƙona soket. Ya gyara, ya tsaya kallo, bai koma shago ba sai da rana ta yi sanyi. Kwana uku a jere yana zuwa yana tsayawa a bakin ƙofa. A na huɗu wani ya jefo masa tulin wayar wuta ya ce, "Tunda ka ƙi tafiya, naɗe mana wannan." Ɗaukar aikinsa ke nan.

Shekara biyu ya yi yana naɗe waya da jan janareto. Daga nan aka ba shi riƙon fitila, ya koyi yadda ake sa fuskar da ta kwana ba barci ta fito kamar ta jariri. Sai ya zama mataimakin mai kyamara, aikinsa murza zoben gilashi don hoto ya fito tar ko da ɗan wasa ya matsa gaba ko baya. Sauran mataimaka da igiyar awo suke auna tazara. Shi kallo ɗaya yake yi, ya ce taku shida da rabi, in an auna a samu hakan. A nan aka laƙaba masa Shaho, sunan ya bi shi har gida, har mahaifiyarmu kan manta ta kira shi da shi. Wata rana mai kyamara ya yi faɗa da darakta ya tafi ana tsakiyar aiki, aka waiga aka ce, "Shaho, za ka iya?" Ya ce zai gwada. Gwajin nan ne ya kai shi shekara goma sha biyu.

Ni ce autar gidanmu, shi ne babba, mutum huɗu ne a tsakaninmu. Shi ya kai ni na koyi tace fim, wato yanka hotunan da aka ɗauko da jera su har su zama labari. Ɗakin aikina ba taga, allo biyu ne da fanka da kujerar da ƙafarta ɗaya ke ɗingishi. Duk abin da Yaya ya ɗauka sai ya bi ta hannuna kafin duniya ta gani. Shi ya sa ni na fara ganewa.

Da farko gorar ruwa ce. Fim ne na zamanin da, sarki yana zaune, ga gorar roba a can ƙuryar hoton ta hagu. Na yi dariya, na matso da hoton na yanke gefen. Bayan sati biyu, kan makirufo ya leƙo daga sama, ta hagu. Sai wani mai wucewa da waya a kunne, ta hagu. Mutumin da ke hango zare a kafaɗar riga daga nesa ya tsayar da aiki a cire, shi ne yau mutum guda ke shiga masa hoto bai gani ba. Na daina dariya. Na ci gaba da yankewa, ban faɗa wa kowa ba, har wata takwas.

A gida ma alamun suna nan ga mai son gani. Kafaɗarsa ta hagu kullum tana bugun ƙyauren falo. 'Yarsa ta miƙo masa kofi daga wannan gefen, ya bar ta tsaye har ta ce, "Baba, hannuna ya gaji." Ya ajiye tuƙi, ya ce motar ce ta cika shan mai. Kuma dukkanmu mun san abin da ba ma faɗa: mahaifinmu bai cika hamsin ba idonsa ya rufe. Mun tashi muna jan sandarsa, Yaya ne ma ya fi kowa ja. A gidanmu ana iya zancen mutuwa a kan tabarma ana hira, amma ba a zancen ido.

Ranar da na yi ƙarfin hali, ya shigo ɗakina ne karɓar wani abu. Na rufe ƙofa, na buɗe masa hotunan da na tara tun kafin in yanke su, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a bayana yana kallo. Na lura sai ya karkatar da kai kafin ya ga abin da nake nunawa.

"Ke Auta, aikinki gyara ne. Ki gyara."

"Yaya, goma sha tara ne fa."

 Sai ya sunkuyo, muryarsa ta koma wata iri, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. "Kin faɗa wa wani?"

"A'a."

"Ko Antinki?" Matarsa yake nufi.

"Ban faɗa ba. Amma ka je asibiti, don Allah."

"In na je, likita zai faɗa. In ya faɗa, ya tabbata." Ya share gumi da bayan hannu. "Tsakiya ina gani garau. Gefe ne kawai, kamar ana jawo labule a hankali. Ki bari a gama fim ɗin nan, na yi miki alkawari zan je."

Na yarda. 

Saura kwana huɗu a gama fim ɗin abin ya faru. Ina wurin, don Darakta ya ce in zo in ga tsarin fitowar ƙarshe da idona. A kicin ɗin wani gida za a ɗauka, ɗan ƙaramin ɗaki ne da in mutum biyu suka shiga na uku sai dai ya tsaya a ƙofa. Akwai risho a kan kanta, taga ɗaya a hagu da labule mai santsi. Mai fitowar ita ce dattijuwar da kowa ke kira Gwaggo, don ta fi shekara ashirin tana fitowa a gwaggon jarumai, har yaran unguwa sun ɗauka sunanta ne. Za ta ƙona wasiƙar ɗanta a kan risho tana kuka tana magana, minti uku ba yankewa, sannan ta jefa takardar a wani kwanon ƙarfe da aka ajiye a ƙasa, inda kyamara ba ta kaiwa.

Darakta ya ce, "Shaho, kai kaɗai ne a ciki da ita. Ka sa ido a kan wutar nan."

Yaya ya ce, "Ba komai."

Na kalle shi, ya ƙi kallona. Aka rufe ƙofa saboda ƙarar janareto. Mu muka taru a baranda gaban ƙaramin allon da ke nuna abin da kyamara ke gani. A gefe ga mai ɗaukar sauti, tsoho ne da ake kira Malam Shiru, saboda kalmar da ya fi faɗa ke nan a duniya, yana zaune da abin saurare a kunnuwansa.

Darakta ya ɗaga murya ya ce a fara. Gwaggo ta kunna takardar, ta jefar, ta juyo ta fuskanci kyamara, taga tana bayan kafaɗarta, can wajen hoton. Ta shiga magana, hawaye na zuba. Wallahi ba ta taɓa wasa irin na ranar ba. Muna kallo sai wani jan haske ya fara rawa a gefen kumatunta, yana ƙaruwa.

Darakta ya daki cinyarsa a hankali, ya raɗa, "Ku dubi haske! Kai, Shaho ba dama."

Ni kuwa na san ba aikinsa ba ne. Na ga lokacin da aka jera fitilu, babu ja a cikinsu. Na buɗe baki zan yi ihu, na fasa. Ina tunanin in na yi ihu na ɓata fitowar, kuma ba komai ba ne, me zan ce ya sa na yi zargi? Ina wannan lissafin banza Malam Shiru ya fizge abin kunnensa ya miƙe.

"Wuta ce! Ina jin cinta! Ku buɗe!"

Kafin a kai ga ƙofa muka ji ƙarar Gwaggo. Ba irin ta fim ba ce. Duk wanda ya ji ta ya san bambancin.

Iska ce ta ɗauki guntun takardar daga kwano ta kai gindin labule. Labulen ya kama har sama, ya narke ya zubo a kan mayafinta. Da aka banke ƙofa hayaƙi ya bugo mu, na hango Yaya ya yar da kyamara, yana yaye mayafin da hannuwansa tsirara, yana kiran sunan Allah. Aka fito da ita kafaɗa da damtse sun saɓule. Shi ma tafukansa biyu sun tashi. Mota ɗaya ta kai su asibiti.

Washegari na zauna ni kaɗai na kalli abin da aka ɗauka. Daga lokacin da jan hasken ya fara zuwa lokacin da ta yi ƙara, daƙiƙa arba'in da ɗaya ne. A duk tsawon nan kyamara ko motsi ba ta yi ba. Wuta tana ci taku biyu daga kafaɗarsa ta hagu, shi yana can yana lura da hawayen Gwaggo kada su fita daga saiti.

Ashe wani cikin ma'aikata ya ɗauki bidiyon allon da wayarsa. Kafin kwana biyu abin ya zaga ko'ina. Ba wanda ya kawo zancen ido a ransa, wa zai ce Shaho bai gani ba? Abin da aka ce shi ne ya gani sarai, ya ƙyale don hoton ya yi kyau. Aka ce ya sayar da tsohuwa saboda lambar yabo. Wayarsa ta dinga ruri, baƙin lambobi, wasu zagi, wasu su ce sun san makarantar 'yarsa. Anti ta daina barin yarinyar fita. Ko buga ƙofa aka yi sai mun kalli juna kafin wani ya tashi.

Rana ta biyar, da azahar, ɗan Gwaggo ya zo. Direban babbar mota ne, ƙato, ya taho daga tafiya ko gida bai biya ba. Ya tsaya a tsakar gida, bai yi sallama ba.

"Ina wanda ya tsaya kallon uwata tana ci da wuta?"

Anti ta danna sakatar falo, ta jingina bayanta da ƙofar. Ina leƙensa ta tsagar labule. Ba makami a hannunsa, amma hannun kansa ya isa. Ya daki ƙofar sau ɗaya, sai da ƙura ta zubo daga sama. Yaya na zaune a kujera, hannuwa biyu naɗe da bandeji a kan gwiwa, kamar wanda aka ba ajiya. Maƙwabta ne suka taru suka ba mutumin haƙuri. Da zai fita ya ce, "Zan dawo. In ta rasa hannun nan, ka ƙirga naka."

Bayan an watse na durƙusa gaban Yaya na ce, "Ka faɗa musu gaskiya. Suna ganin mugu ne kai."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Mugu ana ba shi aiki, Auta. In ƙura ta lafa za a ce ai gwani ne, a kira shi. Makaho fa? Wa ya taɓa miƙa wa makaho kyamara?"

Anti ta juyo a hankali. "Wane makaho?"

Haka ta ji, a tsaye, bayan shekara goma sha huɗu da aure. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta zo ta tsaya a hagunsa, ta ɗaga hannu tana kaɗawa dab da kunnensa. Bai juya ba. Sai ta zauna a ƙasa daɓas.

Ni ma ina da nawa tsoron, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙungiyar masu shirya fim ta sa ranar zama a kan maganar. In aka tono, za a tambayi wadda ta yi wata takwas tana share sawu. Na kwana biyu ina tunanin goge hotunan nan goma sha tara, har na ɗora yatsa a kan madannin. Abin da ya hana ni, na je duba Gwaggo na tarar ana wanke mata ciwon. Daga bakin ƙofa na juyo. Na dawo na ce wa Yaya, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, ko da ba za ka sake yi min magana ba."

Ya kalle ni da tsakiyar idon nan da ta rage masa. Ya ce, "Kira mana mota."

A asibiti mun sami Gwaggo a kishingiɗe, an rufe kafaɗar da farin ƙyalle, ɗanta na zaune a bakin gado. Yana ganinmu ya miƙe. Na tsaya a bakin ƙofa, Yaya kuwa ya ƙarasa har tsakiyar ɗakin.

"Kafin ka yi abin da za ka yi," ya ce wa ɗan, "zo ka tsaya nan, ta hagu da ni. Ka ɗaga yatsu, ko nawa ka ga dama."

Mutumin ya yi turus, ya ɗauka raini ne. Gwaggo ta ce, "Yi abin da ya ce." Ya zo ya tsaya, ya ɗaga uku. Yaya na kallon gaba.

"Ka ɗaga?"

"Na ɗaga."

"Ban ga yatsun ba. Kai kanka ban gan ka ba. In ka kawo min duka daga nan, sai dai in ji saukarsa." Ya juya wajen gadon. "Gwaggo, ban ga wutar ba. Idona ne ke tafiya. Ya fi shekara."

Na ɗauka za ta ji tausayi. Sai ta kafe shi da ido.

"Da ka ce min ka gani ka ƙyale, da na ce shaiɗan ne ya rinjaye ka na minti ɗaya. Amma ka san ba ka gani. Aka ce ka sa ido a kan wuta, ka ce ba komai, ka bari aka rufe ƙofa da ni." Ta juyo gare ni. "Ke ma kin sani?"

Na ce, "Na sani, Gwaggo."

"To ku tafi. Ba yau ba."

Ɗan bai taɓa shi ba. Ya koma ya zauna, yana kallon yatsunsa uku.

Daga ɗakin muka wuce sashen ido, tunda abin da ake gudu ya riga ya faru. Aka sa shi ya tura fuska cikin wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka ɗora madanni a ƙarƙashin yatsansa ɗaya da bandeji bai rufe ba, aka ce duk lokacin da ya ga ɗigon haske ya danna. Ina tsaye a baya ina ganin hasken na ƙyaftawa nan da can. Da aka zo idon hagu, sai ya yi zaune shiru, yana jira a fara. An daɗe da farawa.

Likitar mace ce, ba ta da kwana-kwana. Ta ce hawan jinin ido ne, yana cin jijiya daga gefe ba tare da ciwo ba. Na hagu saura kaɗan, na dama an ci kusan rabi. Abin da ya tafi ya tafi. Abin da ya rage ana iya riƙe shi da maganin ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rai, in an dace. "Da ka zo bara," ta fara, sai ta fasa ƙarasawa. Ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Da ta ji labarin mahaifinmu ta dube ni ta ce, "Gemun ɗan'uwanki ya kama, hau kujerar." Aka auna ni. Nawa ma ya ɗan hau, ba a kai ga magani ba tukuna, amma duk wata shida sai na koma. Aikina ni ma ido ne. Tun ranar, in ina tace fim, nakan tsinci kaina ina kai hannu gefen fuska ina motsa yatsu, in tabbatar suna nan.

A zaman ƙungiya Yaya ya faɗi komai da bakinsa, ni kuma na nuna hotunan. Aka hana shi riƙe kyamara, wanda ko ba a hana ba ya hanu. Ni aka dakatar da ni wata uku, Darakta kuma bai sake ba ni aikinsa ba har yau. Zagin waya ya tsaya, sai aka koma tausayi, Yaya ya ce gara zagin.

Wata bakwai ya yi a gida. Hannuwa suka warke, suka bar tabo mai sheƙi. Anti ta ba ni labarin yadda yake tashi da safe: ba ya buɗe ido nan da nan, sai ya kwanta yana jin motsin gida, yana tsoron ya buɗe ya tarar ba komai. In ya buɗe, sai ya je gaban kalandar da ke bango, ya tsaya a kan tayil ɗin da ya yi wa alama, ya rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a kan Laraba, ya ƙirga ranakun da yake iya gani dama da hagu. Ran da ya ga biyar, a ci abinci da shi. Ran da ya ga huɗu, ko gajiya ce ta jawo, ba mai jin muryarsa har yamma.

Malam Shiru ne ya fitar da shi. Ya zo wata safiya da jakar kayan aikinsa, ya zauna ba a ba shi wuri ba, ya ce, "Shaho, ni kunne ke tafiya, kai ido ke tafiya. In aka haɗa mu an sami mutum guda lafiyayye, har da canji." Yaya bai yi dariya ba. Tsohon ya ciro abin saurare ya ɗora masa a kai, ya miƙa makirufo ta taga. "Me ka ji?"

Yaya ya kasa kunne. "Famfon maƙwabta na ɗiga. Wani na goge takalmi. Akwai firij da ke kuka, ba namu ba ne."

"Ni famfon kawai na ji, shi ma don na gan shi da zan shigo. Gobe ƙarfe bakwai."

Komawar ba ta zo da sauƙi ba. Na raka shi ranar farko. Muna shiga wurin ɗaukar fim hira ta ɗauke ɗif. Wanda ke riƙe da kyamara yanzu tsohon mataimakinsa ne, mutumin da Yaya ya koya wa komai. Ya taso da sauri yana "Maigida, sannu da zuwa," ya rasa inda zai sa idonsa. Ga wayoyi shimfiɗe ko'ina a ƙasa, ga ƙafafun fitilu, duk abubuwan da ke zaune a inda idonsa ba ya kaiwa. Taku goma ya yi waya ta harɗe shi, ya tafi zai kifa, fitila ta yi tangal-tangal a kan wata 'yar wasa kafin a tare.  Na ga gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Ya raɗa min, "Mayar da ni gida." Malam Shiru ya kama gwiwar hannunsa ya zaunar da shi a kujera a jikin bango, ya ce, "Daga nan ba inda za ka. Aikinmu na zaune ne, shi ya sa muke daɗewa."

A kujerar nan ya sake farawa daga ƙasa, yana da shekara arba'in da biyu. Ya koyi maɓallan na'urar da yatsa har ba ya buƙatar dubawa. Shekarunsa a bayan kyamara ba su tafi a banza ba: ya san lokacin da ɗan wasa zai juya kai murya ta kauce, ya san wanda ke haɗiye ƙarshen magana in ya gaji. Amma ya zama mutum mai tsayar da aiki. Ƙaramin ƙamshin ƙauri, ko wata 'yar ƙara da bai gane ba, sai ya ɗaga hannu a tsaya a duba. Sau tara cikin goma ba komai ba ne. Daraktoci suna gunaguni, wasu sun daina kiransa saboda haka. Ya ce su daina.

Gwaggo ta warke, sai dai hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, kuma ba ta sake yarda an kunna ko ashana kusa da ita ba. Sai da aka shekara biyu aiki ya haɗa su. Ya zo zai maƙala mata ƙaramin makirufo a wuyan riga, abin ya suɓuce masa ya faɗi. Ta bar shi ya lalubo da kansa. Da ya gama ta ce, "Kana ɗiga maganin?" Ya ce yana ɗigawa. Ta ce, "To kar ka fasa." Iyakar abin da ya samu daga gare ta ke nan, kuma ya ce ya fi abin da ya cancanta.

Bara Malam Shiru ya ajiye aiki, ya bar masa kujerar da jakar. Fim na farko da Yaya ya riƙe sautinsa shi kaɗai, mun je kallonsa a sinima, nunin ƙarfe huɗu, ni da shi da Anti. Bai so zuwa ba, don a duhu ɗan abin da ya rage masa ma ɗaukewa yake. Mun shiga an riga an kashe fitilu. Ya tsaya cak a bakin matakala, ya damƙe hannun Anti har ta ce wash. Tana ƙirga masa a kunne, yana sauke ƙafa kamar mai shiga kogin da bai san zurfinsa ba, mutane a baya suna tsaki. Matakala goma sha ɗaya, sai da muka yi kusan minti biyu.

Bai kalli allon sosai ba. Ya jingina kai yana saurare, can ya taɓo ni ya ce, "Kin ji wannan ƙofar? Sau shida na ɗauke ta." Da fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, suna gudu fiye da yadda zai iya bi. Anti ce ta karanta masa nasa, ta faɗa da ƙarfi har na gabanmu suka waigo. Ya gyaɗa kai.

Mutane suka fara fita. Na miƙe na ce mu tafi kafin a cika ƙofa.

Ya riƙo gefen mayafina. "Zauna, Auta. Bari su kunna wuta tukuna."

Muka zauna mu uku muna jira, har mai shara ya shigo.